Me ya sa kiran kanel bai wuce agumen shida ba? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya fara leƙa cikin lambar kanel, wato zuciyar Linux da ke tsakanin manhajoji da na'ura, yana cin karo da makuro bakwai a jere, gajerun sunayen da ake ayyana kiran kanel da su, daga `SYSCALL_DEFINE0` zuwa `SYSCALL_DEFINE6`, sai ya ga an tsaya nan. Lambar da ke wutsiya ita ce adadin agumen da kiran ke karɓa, kuma babu `SYSCALL_DEFINE7`. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi dawowa a kan wannan iyaka da 'yan uwanta. Kalmomi uku za su yi ta fitowa. Agumen shi ne abin da kake miƙa wa fankishin, wato guntun manhaja mai yin aiki ɗaya, lokacin da ka kira shi. Rajista ɗan ƙaramin wurin ajiya ne a cikin furosesa kanta, babu abin da ya kai shi sauri. Sitak kuma yanki ne na memori da ake jibga abubuwa ɗaya kan ɗaya kamar faranti, na sama shi ake fara ɗauka.

Harshen C ne ya hana a wuce shida?

A'a. Ƙa'idar C ta 1989 ta ce dole kowace kamfaila, wato manhajar da ke fassara C zuwa yaren na'ura, ta iya karɓar aƙalla agumen 31 a kira ɗaya, ta 1999 kuma ta ɗaga shi zuwa 127. Waɗannan ƙasan iyaka ne, ba samanta ba, kuma GCC da Clang sun wuce su nesa. A cikin kanel ɗin ma akwai fankishin masu agumen fiye da shida: `usb_control_msg` guda tara take karɓa. Iyakar shida a wuri ɗaya take aiki, wato ƙofar da manhaja ke bi ta shiga kanel.

To daga ina shidan ya fito?

Daga rajistoci. Idan manhaja tana son kanel ya yi mata aiki, ba ta kiransa yadda take kiran fankishin ɗinta. Tana zuba abin da take so a rajistoci, sannan ta ba furosesa umarni na musamman da zai ɗauke ta daga matakin mai amfani ya kai ta matakin kanel. Ga yadda ake rubuta kalmar sannu a allo a kan x86-64:

```
mov rax, 1 ; lambar write
mov rdi, 1 ; allo
mov rsi, sako ; adireshin rubutun
mov rdx, 6 ; haruffa biyar da alamar sabon layi
syscall
```

Lambar kiran tana zama a `rax`. Agumen kuma suna bin wannan jeri: `rdi`, `rsi`, `rdx`, `r10`, `r8`, `r9`. Ka ƙirga, shida ne. A ARM mai bit 64 lambar tana `x8`, agumen suna `x0` zuwa `x5`. A RISC-V lambar tana `a7`, agumen suna `a0` zuwa `a5`.

Za ka ce ai x86-64 rajistoci goma sha shida gare ta, ARM mai bit 64 kuma talatin da ɗaya, me ya hana a ƙara? Abin da ya hana shi ne Linux ba a kan furosesa ɗaya yake gudana ba. Kiran da aka ƙirƙira yau dole ya yi aiki a kan dukkansu, kuma ayari da tafiyar raƙumin da ya fi gajiya yake tafiya. Mafi talauci a cikin manyan ita ce tsohuwar x86 mai bit 32, wadda rajistocinta na aiki takwas ne kacal. Cire `esp` da ke riƙe da sitak, cire `eax` da ke ɗauke da lambar kira, abin da ya rage shi ne `ebx`, `ecx`, `edx`, `esi`, `edi` da `ebp`. Shida cif, ba ragowar ko ɗaya.

Na ga `r10` a tsakiyar jerin. Ba `rcx` ne na huɗu ba?

A kiran fankishin na yau da kullum `rcx` ne na huɗu, haka ne. Amma umarnin `syscall` da kansa yana kwace rajistoci biyu: yana ajiye adireshin komawa a `rcx`, yana ajiye tutocin furosesa, wato alamomin halin da take ciki, a `r11`. Duk abin da ka sa a `rcx` ya tafi kafin kanel ya gan shi. Shi ya sa aka mayar da na huɗu `r10`, kuma shi ya sa za ka ga glibc, ɗakin karatun C da manhajoji ke bi su kira kanel, tana kwafe `rcx` zuwa `r10` dab da shiga. Wanda ya rubuta kiransa da hannu ya manta wannan, `write` da `read` za su yi masa aiki lafiya lau tunda uku suke ɗauka, sai ranar da ya kai ga `mmap` komai ya watse.

Me zai hana kanel ya ɗauko sauran daga sitak, kamar yadda fankishin ke yi?

Babu abin da ya hana, wasu ma haka suke yi. Abin dubawa shi ne kuɗin da ake biya. Da zarar an shiga kanel, an bar sitak ɗin manhaja an koma na kanel. Sitak ɗin manhaja memorin baƙo ne, kanel ba ya yarda da shi. Adireshin na iya zama na ƙarya, shafin na iya kasancewa an kwashe shi zuwa faifai, wani zare na manhajar, wato wani reshenta da ke gudana a lokaci guda, kuma na iya sauya abin da ke ciki bayan an duba shi. Saboda haka duk karatu daga can sai ya bi ta `copy_from_user` ko ɗan'uwansa, tare da shirin abin da za a yi idan ya ci tura. Abin da ke cikin rajista kuwa ya riga ya shigo hannu, babu mai taɓa shi.

A Linux ma akwai inda dole ta sa aka yi hakan. Tsarin o32 na MIPS rajistoci huɗu yake ba agumen, `a0` zuwa `a3`, na biyar zuwa sama daga sitak ɗin manhaja ake kwaso su. Haka x86 mai bit 32 idan ta bi ta `sysenter`: `ebp` yana tafiya da adireshin sitak, agumen na shida kuma kanel ya je can ya ɗauko shi.

Tun farko shida ne?

Ba shida ba ne. A farkon Linux ko biyar ɗin ma sai daga baya aka kai, `ebp` kuma ya daɗe ba a taɓa shi ba saboda kamfaila na amfani da shi wajen riƙe gindin sitak. Amma `mmap` tun asali abu shida take buƙata: adireshi, tsawo, izini, tutoci (zaɓuɓɓukan da ake kunnawa ko kashewa), lambar fayil, da inda za a fara a cikin fayil ɗin. Sai aka yi dabara. Manhaja ta jera shidan a memori, ta miƙa wa kanel adireshinsu kawai. Har yau wannan tsohuwar hanyar tana nan a lambar kanel da sunan `old_mmap`, tare da `old_select`. Da aka zo jerin 2.3 ana shirin 2.4, sai aka kawo `mmap2` mai amfani da rajistoci shida, aka kuma mayar da ma'aunin na ƙarshen shafi-shafi na bait 4096 maimakon bait ɗai-ɗai, don a iya kaiwa cikin manyan fayiloli.

Haka aka yi wa kiran sadarwa. Shekaru da yawa `socket`, `bind`, `connect`, `sendto` da sauransu duk ta ƙofa ɗaya suke shiga a x86 mai bit 32, wato `socketcall`, mai karɓar lambar aiki da adireshin jerin agumen. Sai a Linux 4.3, shekarar 2015, kowannensu ya samu ƙofarsa a wannan furosesar.

Idan kira yana buƙatar bakwai fa?

`pselect` ne misalin da ya fi fito da abin fili. A ƙa'idar POSIX, wadda tsarin Unix ke bi, agumen shida gare shi: adadin fayiloli, jerin karatu, jerin rubutu, jerin matsala, wa'adi, da jerin siginonin da za a toshe, wato saƙonnin da ke katse manhaja tana cikin aiki. Ya cika ke nan. Sai dai kanel ba ya karɓar jerin sigina sai an gaya masa girmansa, domin nasa bait 8 ne a yawancin furosesoci, na glibc kuma bait 128. Ga na bakwai ya fito, babu kujera.

Abin da aka yi a Linux 2.6.16, shekarar 2006, shi ne aka ɗaure biyun ƙarshe a ɗan ƙunshi ɗaya, adireshin jerin sigina da girmansa, aka miƙa adireshin ƙunshin a matsayin na shida. Sunan kiran ma ya tona asirin: `pselect6`. Mai rubuta manhaja ba ya ganin wannan, glibc ce ke ƙunsawa a bayan fage. Idan kana son gani da idonka, ka bi manhajar da `strace`, za ka ga na ƙarshen ya fito a cikin baka biyu.

`futex` kuma wata hanya ya bi, wadda ba zan ba kowa shawarar ya kwaikwaya ba. Agumen ɗinsa na huɗu a wasu ayyukan adireshin wa'adi ne, a wasu kuma lamba ce zalla da aka cusa a rigar adireshi. Yana aiki, amma duk mai rubuta kayan bin sawu ko na fassara tsakanin bit 32 da 64 sai ya zauna ya rarrabe aiki-aiki.

Agumen huɗu gare ni kawai, amma an ce sun yi yawa a ARM. Ta yaya?

Domin rajistoci ake ƙirgawa, ba sunaye ba. A furosesa mai bit 32, lamba mai bit 64 rajista biyu take ci. Wasu furosesocin, kamar ARM da PowerPC, sun ƙara sharaɗi: biyun dole su fara daga wuri na musamman, a ARM daga rajista mai lamba cika, wato `r0`, `r2` ko `r4`.

Ɗauki `sync_file_range`, wanda ya shigo a 2.6.17. Lambar fayil, mafari mai bit 64, tsawo mai bit 64, sai tutoci. A ARM lambar fayil ta zauna a `r0`. Mafari ba zai fara daga `r1` ba, sai a bar ta fanko, ya ɗauki `r2` da `r3`. Tsawo ya ɗauki `r4` da `r5`. Tutoci sun zo sun tarar shida sun ƙare. Sai aka ƙirƙiro `sync_file_range2`, wanda bai bambanta da na farko da komai ba face an dawo da tutoci wuri na biyu, suka cike ramin `r1`. An yi wa `fadvise64_64` irin wannan juyi a ARM. Wannan ya sa takardar kanel mai bayanin yadda ake ƙara sabon kira ta ja kunne a kan inda ake ajiye agumen masu bit 64. `preadv` da `pwritev` kuwa tun farko aka raba mafarin gida biyu, rabin ƙasa da rabin sama, kowanne agumen mai zaman kansa.

Me ya sa sababbin kira suke karɓar ƙunshi da girmansa?

Saboda an sha wuya da tsofaffin. Doka mafi tsauri a Linux ita ce ba a karya manhajar da ke aiki, don haka kiran da ya fita ya fita ke nan, bakin alƙalami ya bushe. Ba za a ƙara masa agumen ba, ba za a sauya ma'anar na ciki ba. Sau da yawa sunan da ka gani da lamba a wutsiya, alamar an makara ce: `dup3` da `pipe2` a 2.6.27, `accept4` a 2.6.28, `renameat2` a 3.15, `faccessat2` a 5.8, `fchmodat2` a 6.6. Dukkansu dalili ɗaya ne, na farkon bai bar wurin tutoci ba.

`clone` ya fi kowa shan wahala. Agumen biyar gare shi, jerinsu ma ya bambanta daga furosesa zuwa furosesa: x86 mai bit 32 da mai bit 64 sun juya biyun ƙarshe, s390 ta juya biyun farko. Tutocinsa bit 32 ne, takwas na ƙasa sigina ta cinye, sauran kuma suka ƙare ƙarƙaf. A 2019 Christian Brauner ya kawo `clone3` a Linux 5.3, da agumen biyu rak: adireshin `struct clone_args` da girmansa. A farko ƙunshin bait 64 ne. A 5.5 ya zama 80, a 5.7 ya zama 88, kuma ba a sake ƙirƙirar wani kira ba. `openat2` na Aleksa Sarai ya bi wannan hanya a 5.6, shekarar 2020, da ƙunshi mai bait 24.

Sirrin yana cikin `copy_struct_from_user`, kuma dokokinsa uku ne. Idan girman da manhaja ta faɗa daidai yake da wanda kanel ya sani, a kwafa kawai. Idan na manhaja ya fi ƙanƙanta, tsohuwar manhaja ce a sabon kanel, sai a cike sauran da sifili. Idan na manhaja ya fi girma, sabuwar manhaja ce a tsohon kanel, sai a duba rarar: in duk sifili ce a wuce, in akwai abu a ciki a mayar da kuskuren `E2BIG`, domin an roƙi abin da wannan kanel bai sani ba. Sharaɗin da ke riƙe da duka shi ne sifili a kowane sabon gurbi ya kasance yana nufin a yi yadda aka saba. Dabarar ta girmi waɗannan kiran, `perf_event_open` da `sched_setattr` sun riga su amfani da ita, abin da aka yi daga baya shi ne tattara ta wuri ɗaya.

Ke nan ƙunshi ya kashe matsalar gaba ɗaya?

Tsugune ba ta ƙare ba. Akwai seccomp, matatar da burauza da kwantena, wato keɓaɓɓun akwatunan gudanar da manhaja, ke amfani da ita wajen hana manhaja wasu kiraye-kiraye. Abin da kanel ke miƙa wa matatar ya haɗa da lambar kira da gurabe shida na agumen, kuma an hana ta bin adireshi ta leƙa memori. Dalilin hanin mai ƙarfi ne: in ta leƙa ta ga komai lafiya, wani zare na iya sauya abin kafin kanel ya karanta. Da tsohon `clone`, matata na iya duba tutoci ta ce ban yarda da wannan ba. Da `clone3`, adireshi kawai take gani, kamar mai gadin da aka nuna wa buhu a ɗaure.

Abin da masu matata suka koma yi shi ne su amsa wa `clone3` da `ENOSYS`, wato babu wannan kiran a nan, sai glibc ta koma tsohon `clone` da ake iya tacewa. Da glibc 2.34 ta fara amfani da `clone3` a 2021, matatun da ke amsawa da `EPERM` ga duk kiran da ba su sani ba sun sa manhajoji da yawa sun kasa buɗe zare a cikin kwantena, domin glibc ta ɗauki amsar a matsayin hani na gaske, ba ta koma baya ba. A ganina ƙunshi shi ne daidai ga kira mai girma, amma abin da mai tsaro zai so ya tace, gara a bar shi a rajista in da hali.

Windows da FreeBSD fa?

Su ba su ɗaure kansu da shida ba. A Windows mai bit 64 huɗun farko ne ke tafiya a rajista, sauran kanel ya kwaso daga sitak ɗin manhaja, kuma teburin kira yana riƙe da adadin da za a kwaso wa kowanne. `NtCreateFile` goma sha ɗaya take karɓa. Akwai ma `NtAccessCheckByTypeResultListAndAuditAlarmByHandle` mai goma sha bakwai, sunan kaɗai ya isa ya gaya maka halin da ake ciki. Abin da ya sauƙaƙa wa Microsoft shi ne lambobin kiran ba alkawari ba ne, suna sauyawa daga fitowa zuwa fitowa, alkawarin yana kan ɗakunan karatu irin su `ntdll` da `kernel32`. FreeBSD kuma ya tanadi gurabe takwas, `sendfile` ɗinsa bakwai take ɗauka, inda ta Linux ke ɗaukar huɗu.

A eBPF an ce biyar ne. Me ya rage ɗaya?

eBPF, wanda Alexei Starovoitov ya jagoranci shigarsa a 2014, ƙaramar na'ura ce ta ƙirƙira a cikin kanel, mai rajistoci goma sha ɗaya. `r0` na amsa, `r1` zuwa `r5` na agumen, `r6` zuwa `r9` waɗanda kira ba ya taɓawa, `r10` na nuna sitak mai bait 512. An tsara su ne don kowace ta faɗa kai tsaye kan rajistar gaske, ta yadda kiran fankishin ɗin kanel daga eBPF ba ya buƙatar jujjuya komai. A x86-64, `r1` ita ce `rdi`, `r2` ita ce `rsi`, haka har `r5` da ta zama `r8`. Biyar na shiga cikin abin da duk manyan furosesoci masu bit 64 ke ɗauka a rajista.

Inda mutane suka fi jin zafin abin shi ne `bpf_trace_printk`. Tsarin rubutu ya ci ɗaya, girmansa ya ci ɗaya, uku suka rage na abin da kake son bugawa. Sai a 5.16 aka kawo `bpf_trace_vprintk` mai karɓar jeri. Idan fankishin ɗinka na eBPF ya wuce biyar, hanya biyu aka saba bi: ka sa masa `__always_inline` ya narke cikin mai kiransa, ko ka tattara kayan a ƙunshi, kana lura da bait 512 ɗin nan.

Akwai wata lamba kuma, goma sha biyu. Wuraren bin sawu da ake dasawa da `TRACE_EVENT` ba sa wuce agumen 12 idan eBPF zai rataya a kansu, saboda makuro masu haɗa su daga ɗaya zuwa goma sha biyu aka rubuta.

A cikin kanel, fankishin mai agumen da yawa yana rage gudu?

Kaɗan, kuma ba safai ake ji ba. A x86-64 na bakwai zuwa sama suna sauka a sitak, bait 8 kowanne. ARM mai bit 64 da RISC-V takwas suke ɗauka a rajista, ARM mai bit 32 huɗu, x86 mai bit 32 kuma uku, shi ma don ana gina kanel da `-mregparm=3`. Sitak ɗin kanel ƙarami ne, kilobait 16 a x86-64 tun 3.15, kafin nan 8. Amma abin da ke cika shi manyan ajiyoyi ne na cikin fankishin da kira mai zurfi, ba agumen biyu ko uku na rara ba. Shi ya sa gargaɗin kamfaila na `CONFIG_FRAME_WARN`, wanda aka saba barinsa a bait 2048 a bit 64, girman abin da fankishin ya ci a sitak yake dubawa.

Ainihin illar a kan mutum take. Na taɓa kwana biyu ina farautar kuskure a direban wata na'ura, fankishin mai agumen tara, biyar a cikinsu lambobi ne iri ɗaya. A wuri ɗaya cikin wurare goma sha wani abu da ake kiransa an juya tsawo da wa'adi. Kamfaila ba ta ce uffan ba, tunda a wurinta lamba lamba ce. Na'urar tana aiki da ƙananan saƙonni, manya kuma su yanke a tsakiya. Da ƙunshi ne mai sunayen gurabe, wanda ya rubuta layin da kansa zai gani kafin ya tashi daga kujera.

Dokar salon rubutun kanel ta faɗi adadi?

Ba ta faɗi adadin agumen ba. Abin da ta faɗa shi ne ajiyoyin cikin fankishin kada su wuce biyar zuwa goma, fankishin kuma ya yi abu ɗaya ya tsaya a allo ɗaya ko biyu. Sauran aikin masu duba faci ne, wato gyare-gyaren da ake turo wa kanel, kuma tarihi ya nuna inda suka karkata. `get_user_pages` ta taɓa ɗaukar takwas. Aka cire biyun farko, aka haɗe `write` da `force` suka zama tutoci ɗaya a 4.9, aka cire `vmas` a 6.5, suka koma huɗu. Masu kula da kuskuren shafin memori sun daɗe suna miƙa wa juna abu shida ko bakwai daga fankishin zuwa fankishin, har aka tattara su a `struct vm_fault`. Idan ka ga agumen uku ko huɗu kullum tare suke tafiya, abu ɗaya ne da ba a raɗa wa suna ba tukuna.

Na ga fankishin ɗin kira a sabon kanel agumen ɗaya yake karɓa. An sauya dokar ne?

Daga waje ba a sauya komai ba. Tun Linux 4.17, shekarar 2018, makuron `SYSCALL_DEFINE` a x86-64 yana haifar da ɗan fankishin mai suna irin `__x64_sys_write`, wanda ke karɓar adireshin `struct pt_regs`, wato hoton rajistoci da aka ɗauka a bakin ƙofa. Shi ke zaro adadin da kiran ke buƙata ya miƙa ciki. An yi haka ne bayan bayyanar Spectre, wani raunin tsaro a furosesoci, don kada abin da manhaja ta bari a rajistocin da ba a buƙata ya bi kanel zuwa ciki. Mai rataya kprobe, kayan bin sawu na cikin kanel, a kan waɗannan sunaye ya kula: agumen na farko da zai gani ba lambar fayil ba ce, adireshin hoton ne, sai ya buɗe shi.

Saƙon `Argument list too long` da nake samu a tasha, inda ake buga umarni, wannan iyakar ce?

Ba ita ba ce, suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan a kan kalmomin da kake ba umarni ne, kamar ka rubuta `rm *` a jakar da ke da fayil dubu ɗari biyu. `execve` agumen uku kacal take ɗauka: sunan manhaja, adireshin jerin kalmomi, adireshin jerin muhalli. Iyakar tana kan nauyin abin da ke cikin jerin biyu a haɗe. Kafin Linux 2.6.23 na 2007, shafi 32 ne, wato kilobait 128. Daga nan aka mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu na iyakar sitak, don haka da megabait 8 da aka saba za ka samu megabait 2, kalma ɗaya kuma ba ta wuce bait 131072. `getconf ARG_MAX` zai nuna maka naka. Tasha ce ke buɗe tauraron nan ta mayar da shi sunaye kafin ta kira `rm`, saboda haka mafita ita ce kada ka bar mata aikin: `find . -maxdepth 1 -type f -delete` zai share su ba tare da jera su ba, ko ka tura sunayen ta `find -print0` zuwa `xargs -0`, shi kuma ya rarraba su kashi-kashi daidai abin da ƙofar za ta ɗauka.